Awa 12 a situdiyo ta dishe min murya, yaya zan raba lokacina?

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashin mawaƙi ne, shekarata 24. Na yi kusan shekara guda ina tara kuɗi don in fitar da waƙoƙina shida. Abokina da muka taso tare shi ne furodusana, shi ya buga dukkan kiɗan a kwamfuta. Da muka tashi ɗora murya sai ya ce mu kama situdiyo awa 12 a jere, daga takwas na dare zuwa takwas na safe, saboda an fi yin rangwame da dare, kuma a cewarsa haka manyan mawaƙa suke yi. Waƙa biyu na farko sun tafi lafiya lau. A ta uku na fara jin maƙogwarona yana ƙaiƙayi, wajen ƙarfe uku na dare murya ta dishe. Baitin da nake rerawa cikin sauƙi a gida sai da na maimaita shi fiye da sau ashirin. Na dai daure na gama duka shidan, amma da na saurare su bayan kwana biyu, huɗu daga ciki kunyarsu na ji. Na yi kwana biyar ba na iya magana sosai. Yanzu na sake haɗa kuɗin awa 12. Abokina ya ce mu sake yin dare guda, wai rashin sabo ne kuma raki na yi. Ni kuwa tsoro nake ji, amma ba na so ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa, don ko sisi bai karɓa a hannuna ba. Don Allah awa nawa ya kamata mutum ya yi a situdiyo a zama ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanena.

In murya za ka ɗora, awa uku ta ishe ka a zama ɗaya. In ta kai huɗu, to ya zamana akwai hutu mai kyau a tsakiya. Awa 12 ɗin da ka haɗa kuɗinta ka raba ta gida huɗu, a ranaku daban-daban, kuma ka bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin zama da zama. Sannan ka cire wa ranka cewa raki ka yi. Abin da ya same ka da ƙarfe uku na dare zai sami kusan duk wanda aka tsayar gaban makirufo shi kaɗai awa bakwai yana rera waƙa da iya ƙarfinsa, komai daɗewarsa a harkar. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na ga irin wannan daren da idona sau da yawa, kuma kusan kullum mawaƙin ne yake komawa gida yana zargin kansa.

Muryar nan da kake ji tana fita, wasu ƙananan tantani biyu ne suke yin ta a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. Iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu, su riƙa haɗuwa suna rabuwa da sauri. Namiji in yana hira kawai, suna bugun juna sau ɗari da 'yan kai a kowace daƙiƙa, mace kuwa wajen sau ɗari biyu. In aka haura sama a waƙa adadin ninkuwa yake yi. Sautin da makaɗa suke daidaita kayan kiɗansu da shi bugu 440 ne a daƙiƙa ɗaya. Ko da sauti mai bugu 300 ka riƙe, cikin minti guda tantanin nan sun haɗu sau dubu 18. Ka gwada tafa hannunka da ƙarfi na minti biyar ba tsayawa, ka dubi yadda tafin zai yi ja ya ɗau zafi. Fatar hannu ke nan mai kauri, ina ga tsoka mai laushi da ke lulluɓe da ɗan siririn tantani mai danshi.

In bugun ya yi yawa sai bakinsu ya kumbura. Da zarar sun kumbura ba sa haɗuwa daidai, iska ta riƙa zurarewa ta tsakani, muryar ta fito da ɗan huci. Mawaƙi ya ji haka a kunnensa, sai ya ƙara matsawa don ya cike giɓin, matsawar kuma ta ƙara kumburin. Shi ya sa ɗauka ta ashirin ta fi ta goma muni, ita ma ta goman ba ta kai ta biyar ba. Kana ganin kamar ƙoƙari kake ƙarawa, alhali ciwon kake fama. Maganinsa ɗaya ne a wannan lokaci, yin shiru. Shan ruwa yana da amfani sosai, amma ka sani ruwan da ka haɗiya ba ya taɓa tantanin murya, hanyarsa daban. Sai ya shiga jiki tukuna danshinsa ya iso gare su, don haka shan ruwan da zai amfane ka a situdiyo tun jiya da safiyar yau ake fara shi. Ɗakin ɗaukar murya kuma galibi a rufe yake ruf, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska, wanda hakan yake ƙara gaggauta bushewar maƙogwaro.

Abokinka yana da ɗan gaskiya a batun sabo. Mawaƙin da ya koyi sarrafa numfashi, yake atisaye kullum, ya fi wanda bai koya ba juriya nesa ba kusa ba. Sai dai wannan juriyar cikin watanni ake gina ta, minti talatin yau, minti arba'in wani mako. Dare ɗaya na azaba ba ya koya wa murya komai, sai dai ya bar mata tabo. In aka yi ta maimaita irin wannan dare, kumburin yana iya zama 'yan ƙulla-ƙulla masu tauri a bakin tantanin, kamar kanta a hannun mai aikin ƙarfi, kuma raba mutum da su yakan ɗauki watanni na hutu da horo, wani lokaci har da tiyata.

Akwai ɗan gwajin da nake so ka riƙe. Kafin ka fara aiki, ka rera wani ɗan gajeren layi a can saman muryarka, a hankali ƙwarai, kamar mai lallashin jariri. Ka lura da inda ka iya kaiwa cikin sauƙi. Bayan kowace awa ka sake gwadawa. In ka ji sautin yana jinkirin fitowa, iska ta riga shi, ko yana yankewa a inda ɗazu ya wuce sumul, to kumburi ya fara. Sauti na sama mai taushi shi ne yake fara ɓacewa, tun kafin kowa a ɗakin ya ji wata dishewa. Ihu kuwa zai ci gaba da fitowa har tsawon wani lokaci, kuma shi ne yake yaudarar mutane su ce ai muryar tana nan. In gwajin nan ya faɗi, aikin murya na ranar ya ƙare, ko da saura awa guda a agogo. Ka yi amfani da ragowar wajen saurare da zaɓe.

Wannan awa ukun da na ce maka ba daga kaina na ƙirƙiro ta ba. A yarjejeniyar ƙungiyar makaɗan Amurka da kamfanonin faifai, zaman ɗaukar sauti na yau da kullum awa uku ne, kuma abin da za a fitar daga cikinsa bai wuce kiɗan minti 15 ba. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ma awa uku ce ma'auninta. A birnin Nashville na Amurka, inda ɗaukar waƙa ta zama sana'ar gari, an daɗe ana tsara zama da ƙarfe 10 na safe, 2 na rana da 6 na yamma, kowanne awa uku, da tazarar awa guda a tsakani. Ka lura, waɗannan ƙwararru ne da suke cin abinci da wannan aiki kullum, da yawansu ma da hannu suke kiɗa, ba da maƙogwaro ba. Duk da haka awa ukun suka tsaya a kai.

Maganar cewa manya suna gama kundi a rana ɗaya kuwa, ta faru, kuma ya kamata ka san yadda ta faru. Ranar 11 ga Fabrairun 1963, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Beatles ta ɗauki waƙoƙi goma na kundinta na farko a situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan, cikin wuni guda. Amma wunin nan gida uku aka raba shi, zaman safe, na rana da na dare. Su huɗu ne, kuma kowannensu ya ja aƙalla waƙa ɗaya, nauyin bai hau kan maƙogwaro guda ba. Galibin waƙoƙin sun saba rera su a gaban jama'a, bayan shekarun da suka yi suna wasa dare da dare a gidajen rawa na Liverpool da Hamburg. Duk da wannan, furodusansu George Martin sai da ya ajiye waƙar da ta fi buƙatar ihu zuwa ƙarshe, don ya san za ta cinye muryar John Lennon, wanda ke fama da mura a ranar. Ɗauka ta farko ita aka saka a faifai. An gwada ta biyu, muryar ta riga ta tafi. Mutanen nan dai, kundin da suka fitar a 1967 sai da ya ci su fiye da wata huɗu. Don haka in abokinka ya kawo maka misalin manya, ka ce masa ko su sun raba wunin, sun raba waƙoƙin a tsakaninsu, kuma murya ta ƙare musu a inda take ƙare wa kowa.

Akwai gaɓa ta biyu da take gajiya a situdiyo, kuma ita ba ta ƙaiƙayi balle ta yi maka gargaɗi. Kunne nake nufi, naka da na furodusa da na injiniya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar cewa ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) kada ta wuce awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Hedifon da mawaƙi yake ta cewa a ƙara masa don ya ji kiɗa ya ratsa shi yana iya kaiwa wannan matsayi cikin sauƙi. In kunne ya sha ƙara na tsawon lokaci sai jinsa ya dusashe na ɗan wani lokaci, musamman a sautuka masu kaifi. Mawaƙin da jinsa ya dusashe ba ya gane ya sauka daga kan kari, injiniyan da jinsa ya dusashe ba ya kama masa. In ka taɓa fitowa daga situdiyo kana jin wani ɗan siririn ƙugi a kunne, to ka wuce iyaka a ranar, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa tohowa. Tun 1933 masana biyu na dakunan binciken Bell, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa yadda kunne yake auna sauti mai kauri da mai kaifi yana canzawa gwargwadon ƙarfin ƙarar. Shi ya sa kiɗa yake ƙara daɗi in an ƙure lasifika, kuma shi ya sa gajiyayyen ɗaki yake ta ƙara ƙara yana ganin aiki na kyau.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan. Wata mawaƙiya ce muka gama ɗaukar muryarta da tsakar dare, ta roƙe ni in haɗa mata sautin a daren saboda tana son tafiya da waƙarta. Na zauna har asuba. Duk bayan ɗan lokaci sai in ji muryar kamar an lulluɓe ta da bargo, in ɗan ƙara mata kaifi, in ji ta washe, bayan minti ashirin in sake jin bargon ya dawo, in sake ƙarawa. Mun rabu muna murna. Da na yi barci na tashi na kunna a mota, duk inda ta furta harafin "s" sai ka ji kamar an ja reza a kan gilashi. Bargon a kunnena yake, muryarta lafiyarta ƙalau. Abin ya dame ni ƙwarai domin kuɗin guminta ta biya na waɗannan awoyi. Na kira ta na ba ta haƙuri, na sake aikin daga farko ban karɓi komai ba. Tun daga ranar ban sake haɗa sauti a ranar da aka ɗauki murya ba. Kai ma kada ka yarda a yi maka miksin, wato wannan haɗa sautin, a ƙarshen dogon zama. Rana daban, kunne sabo, kuma ba lallai ne ka zauna a wurin ba sai an kira ka ka saurara.

Ba ina cewa dogon wuni ba shi da muhalli ba ne. In ƙungiya ce mai ganguna da jita da fiyano za su yi kiɗa kai tsaye, jera makirufo a jikin ganguna kaɗai da daidaita sautinsu yana iya cin awa ɗaya ko biyu kafin a ɗauki komai. A nan kama situdiyo na wuni guda, awa takwas ko goma, ya fi hankali, don ba za a so a kwance kayan a sake ɗaurawa gobe ba. Amma ko a irin wannan wuni, mawaƙi muryar jagora kawai yake yi a hankali don makaɗa su san inda suke, muryar gaske sai wata rana. Kai kuwa kiɗanka yana cikin kwamfuta an gama shi. Makirufo ɗaya ne aikinka, minti ashirin ya isa a kafa shi. Ba ka da wani dalilin kwana a wurin.

Yanzu ga yadda zan raba awa 12 ɗin in ni ne kai. Kafin ka biya kafin alƙalami, ku zauna da abokinka da rana tsaka ku saurari abin da kuka ɗauka a wancan dare, duka, har da ɗaukar da kuka watsar. Ka ce biyun farko sun yi kyau, to a bar su. A cikin huɗun da suka rage ma ana iya samun amshi ko baiti guda da ya tsira. Zaman farko ka ba waƙa ɗaya tak, domin a nan ne za a nemo makirufon da ya dace da muryarka, da tazarar da za ka tsaya, da yadda kake son jin kanka a hedifon. Wannan na ƙarshen kada ka yi masa gaggawa ko ka ji nauyin yin magana. In muryarka ta yi ƙasa a kunnenka za ka yi ta ihu ba ka sani ba, in kiɗa ya yi ƙasa za ka kauce wa kari. Mawaƙa da yawa suna zame hedifon daga kunne ɗaya don su ji muryarsu ta zahiri a ɗakin, ka gwada ka gani. In an daidaita komai, a rubuta sunan makirufon, a ɗauki hoton maɓallan na'urar, a manna ɗan tef a ƙasa inda ƙafarka take. Wannan ne zai sa muryar ranar farko da ta ranar uku su zama kamar a zama ɗaya aka yi su.

Zama na biyu waƙa biyu, masu sauƙin ciki. Na uku waƙar da ta rage da muryoyin amshi. Na huɗu ka ajiye shi don gyare-gyare, bayan ka yi kwanaki kana sauraron abin da aka ɗauka kana rubuta inda bai kwanta maka ba. In kuma daga cikin awoyin nan za a fitar da na miksin, to gara ka rage yawan waƙoƙin. Waƙa huɗu da za ka kunna wa kowa kai a ɗage sun fi shida da za ka riƙa ba da uzuri kafin ka kunna. Illar raba zama guda ɗaya ce da na sani: murya tana ɗan canza launi daga rana zuwa rana. Don haka duk waƙar da ka fara jan ta, ka ƙarasa babbar muryarta a wannan zaman, kada ka bar rabin baiti sai jibi.

A cikin awa ukun kanta, ka zo da muryarka a ɗumame. Minti goma zuwa sha biyar na gunji a hankali baki a rufe, da karkaɗa leɓe, da hawa da sauka a tsanake, tun a gida ko a hanya, don kada ka biya kuɗin situdiyo kana ɗumama murya. In an fara, ka rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu ba tsayawa, ko ka yi kuskure ka wuce. Sau da yawa ran waƙar a cikin waɗannan yake, lokacin da kake tunanin ma'anar kalmomin, tsoron kuskure bai kama ka ba tukuna. Daga nan a bi baiti-baiti, sannan a ɗinke 'yan wuraren da suka rage. Injiniya zai zaɓi mafi kyau daga kowace ɗauka ya haɗa su wuri guda, haka ake yin kusan duk waƙar da kake ji a rediyo, ba abin kunya ba ne. In layi ɗaya ya ƙi bayan sau shida ko bakwai, ka bar shi ka wuce gaba, ka dawo masa daga baya. Kowace awa ka fita minti goma, ka cire hedifon, ka yi shiru na gaske, ban da waya, ban da hira. Kada ka yi raɗa da sunan hutar da murya, raɗa ma wahalar da ita take yi, haka yawan gyaran murya da ƙarfi. Waƙa mai taushi da hawa sama a fara da ita, mai ihu a bar ta ƙarshe. Minti 15 na ƙarshe kuma ba na waƙa ba ne, na kwafe aikin ne a wuri biyu, da fitar maka da abin da za ka saurara a gida.

Zan ƙara maka da abin da nake zargi ya ci rabin wancan dare, ko da ba ka faɗa ba. Yawancin awoyin da sababbin mawaƙa suke ƙonawa a situdiyo, aikin gida ne suke yi a wurin da agogo yake cin kuɗi: gyara kalmomin baiti, neman yadda amshi zai shiga, gano cewa kiɗan ya yi wa murya sama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar, ka riƙa rera kowace waƙa a kan kiɗanta kana ɗauka da wayarka, ka saurara kamar ta wani ce. Ka haddace kalmomin har takarda ta zama ta ko-ta-kwana. Ka sa alama a inda za ka ja numfashi. Baitin nan da ka maimaita sau ashirin, ka duba shi da kyau. A gida wataƙila a hankali kake rera shi, a situdiyo kuma da cikakken ƙarfi. In a cikakken ƙarfi yana kai ka maƙura, ka ce wa abokinka ya sauke kiɗan da rabin mataki ko mataki guda. A kwamfuta aikin 'yan mintoci ne, mai sauraro ba zai taɓa sani ba, maƙogwaronka kuwa zai sani.

Batun dare da rangwame, ba sai ka yi asararsa gaba ɗaya ba. Ka tambayi masu situdiyon ko za su sayar maka da awa 12 a dunƙule amma ka ci su kashi huɗu, da yawa suna yarda domin sun san za ka dawo. In farashin dare ne ya fi maka sauƙi, ka karɓi takwas zuwa sha ɗaya. Ka tambaya tun da wuri ko agogo yana fara lissafi ne daga shigowarka ko daga lokacin da aka gama kafa kaya, da kuma abin da zai faru in ka wayi gari da mura kana son ɗaga ranar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda ka saba atisaye a cikinsa, muddin ka yi awa biyu ko uku da tashi daga barci. 'Yan rakiya kuma a bar su a gida. Mutum ɗaya da ka yarda da kunnensa ya isa, sauran surutu za su sa ka, ga kunyar yin kuskure a gabansu.

Saura abokinka, wanda na lura shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Mutumin da ya buga maka kiɗa shida bai karɓi komai ba yana ƙaunarka, kuma yana son aikin nan ya fito kamar yadda kake so. Kuskurensa na mai aiki da hannu ne. Shi yana iya zama gaban kwamfuta awa goma sha biyu, bayansa ya yi ciwo, gobe ya warke, sai yake auna maƙogwaronka da wannan ma'auni. Kada ka je masa da maganar wa ya yi daidai wa ya yi kuskure. Ka kunna masa waƙa ta farko da ta biyar a jere, ka yi shiru ya ji da kunnensa, furodusa ne, zai ji. Sannan ka ce masa: "Kiɗan nan naka ya fi ƙarfin muryar da na ɗora masa da asuba. Ina so in ba shi irin muryar waƙa ta farko, kuma ba na samun ta sai a awa ukun farko." Ka nemi shawararsa a kan wace waƙa za a fara da ita da yadda za a jera ranakun, don ya san har yanzu shi ne riƙe da ragamar aikin. In zuwa sau huɗu zai takura masa saboda nasa aikin, ku duba ranakun da suka dace da shi, ko ya halarci zama na farko da na ƙarshe, sauran biyun ka yi da injiniya ka tura masa. Kuma ku rubuta kason da zai samu in waƙoƙin sun kawo wani abu, tun yanzu da ba a samu komai ba. Wannan zai nuna masa darajar ƙoƙarinsa fiye da yarda da kwanan situdiyo.

Kwana biyar ɗin da ka yi ba ka iya magana sosai su ne suka fi tsaya min a rai. Kafin ka kama wata rana, ka yi gwajin nan na sauti mai taushi a sama, da safe bayan ka warware da kuma da yamma, kwana uku a jere. In yana fita tsaf kamar da, ka ci gaba da shirinka. In har yanzu akwai huci, ko wani sashe na saman muryarka bai dawo ba, ko kana jin zafi in ka rera, kuma an haura mako biyu da wancan dare, ka ajiye maganar situdiyo ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin da ɗan madubi ko kyamara. Dubawar ba ta ɗaukar lokaci. Ka kuma guji duk wani abin tsotsa ko na fesawa da yake kashe zafin maƙogwaro don ka samu ka ci gaba da waƙa, domin zafin shi ne yake gaya maka ka tsaya. Kuɗin da ka tara za su jira ka mako uku ko wata guda, kiɗan ma yana nan a kwamfutar abokinka. In ka yi zaman farko, ka rubuto min ka gaya min a minti na nawa aka samu ɗaukar da kuka zaɓa.